Shuɗin da Ba Ya Ƙyalli

A garin Kwarin Magina akwai wani ɗan tandu cike da garin shuɗi wanda ba ya ƙarewa. Shekara talatin ana ɗiba da cokali, bai taɓa sauka ƙasa da wuyansa ba. Kowa a garin ya san inda aka samo shi, kowa kuma ya san abin da yake ci musu. Ba mai faɗi. Wannan shirun ya fi ba ni haushi a duk labarin nan, har ya fi aljanin kansa.

Sarkin Magina Jatau ne ya fito da tandun daga ramin yumɓu tun yana saurayi. Wani aljani mai suna Ƙyalƙyali ya ba shi, tare da wani kwano mai walƙiya, ya kuma koya masa shafe, wato ruwan haɗin da ake shafa wa kwanon yumɓu kafin a gasa, wuta ta narkar da shi ya zama tangaran. A fasa tsohon batirin mota, a ciro dalmar ciki, a ƙona, mata su niƙa a dutsen niƙa, a zuba cokali ɗaya na garin tandu, a dama. Sai magini ya tsoma yatsa ya lasa. In ya ji zaƙi, haɗi ya yi. Kwanonin na fitowa shuɗaye suna walƙiya, mutum na ganin fuskarsa a ciki. Sharaɗin aljanin guda ne: duk abin da ya gani a gidajensu ya so, nasa ne. Jatau ya yi tsammanin awaki ake nufi.

Ba awaki ba ne. Jariri zai yi kwana uku ko huɗu, sai jikinsa ya sandare, ya yi ta jijjiga, ya tafi. Bayan garin ƙananan kaburbura suka fi manya yawa. A yi gaisuwa, a ce kwana ne ya ƙare, washegari a koma niƙa.

Ana haka Barira, 'yar ƙanen Jatau, ta dawo daga kwalejin kimiyya. Ta tarar da uwarta, Inna Marka, tana niƙa da bayan hannu, don tsintsiyar hannayenta ta saki. Ta tarar da yayarta Sahura da cikin wata biyar, bayan ta binne uku a jere. Ko jakarta ba ta sauke ba ta nufi inuwar da magina ke zama.

Ta ce, "Baffa, dalma guba ce. Zaƙin nan da kuke lasa shi ke kashe 'ya'yanku."

Jatau ya dubi mutanensa ya yi murmushi. "Kun ji 'yar boko. Shekara talatin ina lasa, ga ni zaune."

"To buɗe bakinka a ga dasashinka. In ba baƙin layi a jiki, in koma inda na fito."

Wani tsoho ya ce, "Yau kuma likitan haƙori aka aiko mana!" Aka kwashe da dariya. Jatau bai buɗe bakin ba. Ya ce, "Surutu ba wuya. Kawo mini shuɗin da ba dalma in lasa, sannan ki yi mini wa'azi."

Kwana bakwai tana gwadawa. Garin tandun ba ya yarda da komai sai dalma. In babu ita, baƙi ƙirin yake fitowa kamar gindin tukunya. A rana ta takwas Sahura ta kama hannunta ta ɗora a cikinta. Ta ce a hankali, "Yana motsi, Barira. Ban gaya wa kowa ba, kada a ji. Wannan in ya tafi, ni ma bin sa zan yi."

Barira ta ce, "Ba inda zai tafi, Yaya. Zan je inda Baffa ya je."

Ta zuba 'yan allunan yumɓu tara a jaka, kowanne kamar tafin hannun yaro, da ɗan sikelinta, da littafin rubutu, da takardar shaidar kwaleji wadda ta so ta nuna wa Baffa bai ko duba ba. Inna Marka ba ta hana ta ba. Ta tura mata ƙullin farar ƙasa da ƙafa, irin wadda ake shafe ɗaki da ita. Ta ce, "Tafi da wannan. Da can in ta faɗa cikin haɗi bisa kuskure, sai kwano ya fito ba ƙyalli, Baffanki ya fasa shi ya wuni yana faɗa. Ni kuwa waɗannan na fi so. Ban taɓa faɗa ba." Ta yafa mata tsohon zanenta shuɗi, rinin baba, a kafaɗa.

Da azahar Barira ta sauka ramin yumɓu. A can ƙasa, a jikin bango, akwai bakin wata randa da ya kai ƙofar ɗaki faɗi. Ta yi bisimilla ta shiga da rarrafe. Ta yi ta rarrafe har gwiwoyinta suka ƙuje, sannan ta faɗo wata ƙasa da ba rana ba wata, sai wani haske mai kama da na bayan ruwan sama.

Fili ne iya ganin ido, ba ƙasa ba ciyawa, sai tsingaro: duk tukunyar da aka taɓa fasawa tun da aka fara gini, nan take zuwa. Kafin ta yi taku ɗari takalmanta sun yayyage. Ta ci gaba da tafiya, jini na bin sawunta. A tsakiyar filin ta iske wata tsohuwa zaune kan kifaffen tulu, jikinta duk tsaga, an ɗinke da waya.

Barira ta durƙusa. "Sallama gare ki, ya ke mai wannan fili."

Tsohuwar ta ce, "Aminci ga wanda ya san girman wurin da ya taka. Ni ce Gwaggon Tsingaro. Ya ke 'yar Adam, me ya raba ki da inuwar ɗakin uwarki?"

"Shuɗi nake nema wanda ba ya kisa."

"Masu nema da yawa sun wuce ta nan, dukansu ƙyalli suke so. Ba na magana da wanda bai san hannun da ya raine shi ba. A cikin filin nan akwai aikin uwarki. Nemo mini guda."

Barira ta so ta ce wannan zalunci ne, ta haɗiye. Ta san abu ɗaya: Inna Marka bahaguwa ce, tana danna babban yatsanta na hagu a ƙarƙashin leɓen kowane kwano. Ta shiga juya tsingaro ɗaya bayan ɗaya tana laluben leɓensu. Yatsunta suka tsattsage. Ba ta san iya lokacin da ta ɗauka ba, har ta ji gurbin yatsan a jikin wani gutsure. Ta ɗago shi. Shuɗi ne, amma ba ya ƙyalli. Ɗaya daga cikin waɗanda Jatau ya fasa ne.

Gwaggon Tsingaro ta karɓa ta ce, "Dubi cikinsa. Kin ga fuskarki?"

"Ban gani ba, ranki ya daɗe."

"Shi ma ba ya gani. Ƙyalƙyali ba shi da ido a duniyarku sai ƙyallin kwanoninsa. Kowane kwano mai walƙiya taga ce gare shi, ta nan yake leƙe, ta nan yake shiga. Irin wannan kuwa bango ne. Mutanenki sun yi shekara talatin suna fasa bango suna ajiye taga. Cire dalma, ki kashe ƙyalli. In kin yi ɗaya kin bar ɗaya, kin yi wahalar banza."

Ta zare wani farin dutse daga tsagar ƙirjinta ta ba ta, ta ce shi da tokar marke za su maye gurbin dalma, ta nuna mata gabas.

Barira ta tafi har ta shiga Dajin Toka, inda itatuwan marke ke ci da wuta daga ciki, ba hayaƙi, ba sa faɗuwa. Zafi ya ƙone mata gashin ido. Wani dogo kamar giginya ya tare hanya, in ya yi magana toka na zubowa daga bakinsa.

"Tsaya nan, ya ke mai ɗanyen jiki. Ni ne Sarkin Toka. Ba a ɗibar abin da ya ƙone a dajina sai an ba ni abin da zai ƙone."

Barira ta ciro takardar shaidarta ta miƙa. Ya lasa, ta ci bal, ta mutu nan take. Ya ce, "Wannan ba ta da nauyi. Ba ki sha wuyarta ba kamar wancan da kike ɓoyewa."

"Ranka ya daɗe, littafina ne. In babu shi, da me zan riƙe awon haɗina?"

"Wannan damuwarki ce. Tawa yunwa ce."

Shekara uku na karatu ke cikin littafin. Ta ba shi, tana kallo ya cinye. Ya bar ta ta cika ƙoƙo da tokar marke, ta wanke ta sau bakwai a wani tafki mai zafi, ruwan tokar na shiga tsagar yatsunta kamar barkono. Da za ta fita ta karya wata doguwar ƙaya ta soke a gashinta. In ba takarda, akwai bayan allo.

Bayan dajin akwai wani kogo. A bakinsa duwatsu shuɗaye ne jibge, masu ɗaukar ido, da ƙasusuwan mutane a tsakaninsu, kowanne da jaka cike. Barira ba ta ko sunkuya ba. A kwaleji ta koyi cewa dutsen da ke ba da shuɗi a wuta ba shuɗi ba ne a ido, baƙi ne mummuna. Ta wuce can ciki, inda wata makauniyar mesa ta naɗe wani baƙin dutse, kaurinta ya kai rumbu.

Mesar ta ɗaga kai. "Na ji takun wadda ba ta tsaya a ƙofa ba. Wa ya gaya miki sirrina?"

"Malamaina, ranki ya daɗe. Kaɗan nake roƙo, ko kamar goro."

"Tun da aka halicce ni nake kwance kan shuɗi, ban taɓa ganinsa ba. Ana gaya mini sama haka take, da tufafin da suka fito daga marina. Ba ni shuɗin idonki, ki ɗauki dutsen. Za ki ga ja, ki ga kore, ki ga fari. Shuɗi kuwa kun rabu har abada."

"To yaya zan gane haɗina ya yi?"

"Ba ki da kowa a duniya mai ido?"

Barira ta zauna. Ta sauke zanen Inna daga kafaɗa ta shimfiɗa a cinyarta, ta dube shi sosai, har inda ya koɗe a gefe. Sannan ta ce, "Ɗauki." Harshen mesar ya taɓa idanunta, sanyi kamar ƙanƙara. Da ta buɗe, zanen ya koma launin toka. Mesar kuwa ta mirgine gefe tana kuka, tana cewa, "Ashe haka yake! Ashe haka yake!" Barira ta ɓalli dutsen ta fita.

Ƙarshen tafiyar wani tudu ne, a kansa wani murhu na bulo, rufaffe, mai dogon bututun hayaƙi, ba irin buɗaɗɗen ramin gashin da ake yi a Kwarin Magina ba. Mutum-mutumi na gasasshen yumɓu sun kewaye shi, kowanne ya miƙa hannu zuwa ƙofar murhun. Wata mace ja kamar garwashi tana tsaye a gefe.

Ta ce, "Ni ce Uwar Murhu. Haɗin da ba dalma ba ya narkewa a wutar kara da kashin shanu, sai a irin wannan. Dubi ginin da kyau, ki riƙe. Gashi ɗaya nake ba kowa. In wuta ta yi fari zan toshe ƙofa, ba a buɗewa sai ya huce da kansa, kwana uku. Haɗin da ya huce da gaggawa ƙyalli yake yi. Wanda ya huce a hankali shi ke kwantar da fuska. Waɗannan da kike gani, duk sun kasa jira."

Duk wanda ya zo kafin ta, kwano ɗaya yake kawowa, ya auna da tafin hannu, ya lasa, ya dogara ga sa'a. Barira ta daka farin dutse har ya yi laushi, ta tankaɗe. Ta auna kashi biyar nasa, kashi uku na toka, da baƙin dutse kamar ƙwayar gero, ta raba gida tara daidai. Abu ɗaya kawai ta yi ta canzawa: a na farko cokali ɗaya na farar ƙasar Inna, a na biyu cokali biyu, haka har tara. Ta shafa wa kowane allo nasa, ta zana lambarsa da awonsa a baya da ƙaya.

Uwar Murhu ta ce, "Ba ki lasa ba."

"Ba da harshe ake awo ba, ranki ya daɗe."

Aka hura wuta har ta wuce ja, ta wuce ruwan ɗorawa, ta yi fari. Uwar Murhu ta toshe ƙofa da laka ta ɓace. Barira ta zauna. Duk wanda ya san ta ya san ba ta iya jiran tuwo ya huce.

Ba ta daɗe ba sai ga wani kyakkyawan mutum ya hau tudun, jikinsa duk madubi, tana ganin fuskarta sau ɗari a cikinsa.

Ya ce, "Sannu da wahala, 'yar ƙanen aminina. Ni ne Ƙyalƙyali."

"Na san ka. Kai ne mai kashe jarirai."

Ya yi dariya kamar ana karo da kwanoni. "Ni? Ban taɓa kashe ko kiyashi ba. Dalma ke kisa, iyayensu ke niƙa ta da hannunsu, a ɗakin da suke kwana. Ni ɗauka kawai nake yi. Sau nawa aka zo aka ce mini an fasa cinikin? Ko sau ɗaya. Amma ba gardama ta kawo ni ba. Dubi nan."

Ya buɗe ƙirjinsa. Barira ta ga ɗakin Inna, kamar tana leƙe daga cikin kwanon da ke kan jere. Inna Marka na kwance, ta rame, tana riƙe da ciki, leɓunanta na motsi. Sahura na ɗiga mata ruwa.

"Lokacin nan da na can ba ɗaya ba ne," in ji aljanin. "Ke kina ganin jiya kika fito. Ita ta yi wata biyu tana duban ƙofa. Fasa lakar nan, ki kwashi allunanki, in kai ki gabanta kafin ki ƙifta ido. Ni zan tsare ki daga zama gunki. Za su ɗan yi ƙyalli, to sai me? Ai ba dalma."

Muryar Inna ta fito sarai. "Barira ba ta dawo ba?"

Barira ta miƙe. Ta yi taku uku zuwa ƙofar, hannunta ya miƙe da kansa, ta ga yatsunta sun fara yin ja suna taurare kamar na waɗanda ke kewaye da ita. Sai idonta ya faɗa kan cikin Sahura a madubin, ya yi girma, har ba ta iya durƙusawa daidai. Ta ja da baya. Ta ɗauki zanen Inna ta ɗaure ƙugunta da shi a jikin wani gunki, ƙulli uku.

Ta ce, "Rufe ƙirjinka."

"Ba zan rufe ba. Ki kalla."

Ta kalla. Kwana uku aljanin bai ɓoye mata komai ba. Ta ji Inna ta ƙara tambaya sau biyu, sannan ta daina. Ta ga an ja mata zane har kai. Ta ga mata sun cika ɗakin suna kuka, wasunsu da farin ƙurar niƙa a hannu, don daga kan dutse aka kira su. Barira ta ciji hannunta har ya yi jini, ba ta kwance ƙullin ba. Da lakar ƙofar ta yi sanyi ta tsage da kanta, aljanin ya tofar da yawu ya ce, "Taga ɗaya ta ishe ni," ya ɓace.

Ta ciro allunan. Duk launin toka ne a idonta. Ta bi su da yatsa. Na farko zuwa na huɗu santsi kamar kwalba. Na takwas da na tara kaushi, ba su narke ba. Na tsakiya ukun kuwa lumus, kamar ɓawon ƙwai. Ta ƙulle su, ta bi ta inda ta zo.

Da hantsi ta fito daga ramin yumɓu. Wata uku cif ta yi. Matan da ke haƙa suka watsar da kwanduna. Wata ta ce, "Ga wadda ba ta ga gawar uwarta ba." Barira ta wuce su. Ta shiga gida ta zube allunan a gaban Sahura.

Sahura ta daɗe tana dubanta. Ta ce, "Sau uku ta tambaye ki."

"Na ji, Yaya. Duk ukun na ji." Ta tura mata allunan tsakiya. "Wanne ne shuɗi? Ni ba na ganinsa yanzu."

Sahura ta dubi idanun ƙanwarta, ta dubi yatsunta. Ta ɗauki na shida. "Wannan. Kamar zanen da ya fito daga marina kafin a kai shi wurin bugu."

Mata ne suka gina murhun, don maza sun ce su ba za su bi mace mai aljanu ba. Barira ta gaya musu abin da Gwaggon Tsingaro ta ce, ba ta sassauta ba. Wata mace da ta binne 'ya'ya biyu ce ta fara ɗauko kwanoninta masu ƙyalli ta rotsa a bakin ramin yumɓu. Kafin la'asar ƙarar fashe-fashe ta cika garin. Suka jefa duwatsun niƙan dalma a rami, suka kankare daɓen ɗakuna suka zubar can nesa da rijiya. Gashin farko ya fito, kwano arba'in, ba wanda mutum zai ga fuskarsa a ciki. Jatau bai zo ya gani ba.

Sahura ta haihu ranar wata Talata, mace. Kwana ɗaya lafiya, kwana biyu lafiya. A na uku, da rana tsaka, jaririyar ta saki nono, ƙafafunta suka miƙe, idanunta suka juye. Sahura ta ƙwalla ƙara.

Barira ta tuna maganar aljanin ta ƙarshe. Ta ɗauki allo na shida ta ruga inuwar magina, ba ko mayafi.

"Baffa, ina kwanon?"

"Wane kwano?"

"Na farko. Wanda ka fito da shi tare da tandun. Katangarka ɗaya da ɗakin Yaya. Jikarka na can tana sandarewa, ku kuna nan kuna shan inuwa! Ka ce in kawo shuɗin da ba dalma ka lasa. Ga shi. Uwata na bari ta mutu tana kirana don in kawo maka shi. Lasa!"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Jatau ya karɓi allon da hannu biyu, don ɗaya ba ya iya riƙewa. Ya juya shi, ya nemi fuskarsa a ciki bai samu ba. Ya kai shi baki ya lasa, kamar yadda ya saba shekara talatin. Ya sake lasa.

Ya ce, "Lami."

"Shi na je nema."

Kukan Sahura na zuwa har nan. Tsohon ya tashi ya shiga turakarsa, ya fito da kwanon a naɗe cikin tsohuwar riga. Da ya kware shi, duk wanda ke wurin ya ga ido a ciki, buɗe, yana kallon ɗakin mai jego. Wata murya ta fito daga kwanon, mai daɗi. "Jatau, aminina. Wa ya san sunanka kafin ni?"

Jatau ya ce, "Awaki na ce maka. Wallahi awaki na yi tsammani."

"Na farko ka yi tsammani. Sauran fa?"

Jatau ba shi da ƙarfin da zai ɗaga kwanon ya buga da ƙasa. Dalma ta riga ta gama da hannayen. Ya je kan dutsen da suke wasa wuƙa, ya buɗe yatsunsa kawai. Kwanon ya tarwatse. A cikin ɗaki tandun ya faɗo daga rataye, aka duba, wayam. Can cikin gida kukan Sahura ya yanke, sai aka ji wani ƙaramin kuka mai ƙarfi ya maye gurbinsa.

A ranar Barira ta sa aka kai uwa da 'ya asibiti, don fasa kwano ba ya fitar da gubar da ta riga ta shiga jini. Sun yi wata guda ana ba su magani. Yarinyar ta rayu, aka sa mata Marka, sai dai ba ta ji da kunnen hagu. Jatau bai ga damina ta gaba ba. Masu saye da yawa sun daina zuwa, sun ce kwanonin Kwarin Magina sun dushe, har yau kuma akwai tsofaffin da ke zama a inuwa suna cewa da can an fi jin daɗi. Duk mai faɗin haka, a kama hannunsa a kai shi bayan gari ya ƙirga ƙananan kaburburan, ya faɗa a can.

Barira na nan tana gashi. Duk ranar da aka buɗe murhu, ita ke fara shafa kwanonin da yatsa, sannan ta miƙa wa Sahura ɗaya, ta danna babban yatsanta na hagu a ƙarƙashin leɓensa inda ta bar gurbi irin na Inna tun yana ɗanye.

"Yaya, ya yi?"

"Ya yi."

"Kamar zanen Inna?"

Sahura takan ɗaga shi sama ta duba da kyau, don ta san ƙanwarta ba ta son a yi mata ƙarya. Sannan ta ce, "Kamar shi. Har inda ya koɗe."